Zaren Awon Yaya Hanne

Mutumin da aka ce zai tarye ni a filin jirgin Delhi bai zo ba. Na tsaya da akwati ɗaya da ledar kuka da daddawa, ina bin duk mai riƙe da kwali da ido ko zan ga an rubuta Bilkisu, har ƙafafuna suka kumbura a cikin takalmi. Lambar da ejan ɗin da ya shirya mini tafiyar ya ba ni kuwa, duk sanda na kira wata mata ce ke ɗauka, ta zazzaga mini wani yare ta kashe. Sai a hankali na gane cewa ɗakin da ya ce ya kama mini, wanda ya nuna mini hotonsa har da labule mai fure, babu shi a duniyar Allah. Tikitin jirgin da zai ƙarasa da ni kudancin ƙasar ma na bogi ne. Takardar gurbin karatun ce kaɗai ta gaskiya, ita ma don da hannuna na nema.

Ni 'yar Kurfi ce, amma a Dutsin-Ma nake aikin lafiya, irin namu na awon ciki da gwajin hawan jini da yi wa tsofaffi faɗa a kan gishiri. Gurbin da na samu na horo ne a sashen bincike na wani babban asibiti, inda suke nazarin ƙiba da cututtukan da ke biyo bayanta, wato hawan jini da ciwon suga da kitsen da ke toshe jijiyoyin zuciya. Da na faɗa a wurin aiki dariya aka yi ta yi mini. Wani abokin aikina ya ce, "Yanzu ke, mutane na neman abin da za su kai baki, ki tsallaka teku koyon yadda ake rama?" 

Saura kaɗan ma in fasa tafiyar, saboda Yaya Hanne. Ita ce babbar yayata, ita ce kuma uwata, don ban tashi na san fuskar wadda ta haife mu ba. A bayanta na yi wayo, a tsakanin gwiwoyinta na sha kitso da ranƙwashi. Shekarar da na fara neman gurbin nan ɓarayin daji suka tare mijinta, Malam Sada, a hanyar gona, bai dawo gida da rai ba. Kafin ta fita takaba Yaya ta lalace. Mace mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai ƙarfi da murya, ta koma sai ƙashin wuya da idanu. Mata in sun zo gaisuwa sai su fita suna "Allah sarki". Ranar da aka sanar da ni an ɗauke ni na je Kurfi, na same ta tana matsar mai tana hutawa, na ce, "Yaya, wallahi ba inda za ni in bar ki haka." Ta dube ni ta ci gaba da aikinta.

Sai kuma sauƙi ya zo, ko in ce haka muka ɗauka. Cikin 'yan watanni Yaya ta murmure. Kumatu suka fito, wuya ya cika, zannuwanta suka daina zagayowa. Maƙwabta suka ce ta dangana, hankali ya kwanta. Ni kaina sai da na rungume ta na ce, "Masha Allah, Yaya, irin wannan ƙiba haka!" Ta ce, "To yanzu sai ki tahi, ba ki da sauran hujja."

A wurinmu in mutum zai yi tafiya ba a faɗa masa lambar kaya. Mai son takalmi zai karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafarsa ya miƙo, mai son hula ya zagaya kansa da zare. Yaya ta ce ita riga da wando take so tsaraba, irin na matan Indiya. Ta ɗaga riga, ta zagaya cikinta da baƙin zaren kitso, ta ƙulla a inda ya haɗu, ta gutsure da haƙori. "Ga awona nan. Kada ki kawo mani abin da zai matse ni, a ce ƙanwata ta yi mani rowar yadi." Na naɗe zaren na sa a aljihun da fasfona yake. Da shi a jakata na tsaya a filin jirgin nan ina haɗiye kuka.

Wani ɗan sanda mai gashin baki ne ya ga na daɗe, ya karɓi tikitin bogin ya juya, ya girgiza kai, ya sa ni a motar da ta kai ni tashar jirgin ƙasa. Na baro gida ina ganin na iya Indiyanci, tunda mun sha kallon finafinansu tun muna yara. A tashar nan na gane duk abin da na iya kalaman soyayya ne da alwashin ɗaukar fansa, babu wanda ake sayen ruwa da shi. Tafiyar ta yi nisa har na daina tambayar ina muke. A gabana akwai wata mata da surukarta, suka buɗe kwanon ƙarfe mai hawa-hawa, ƙamshi ya cika wurin. Matar ta miƙo mini gurasa da wake. Na ce na ƙoshi, kamar yadda aka koya mana a gida, alhali hanjina har ƙara yake. Ba ta ko saurare ni ba, ta ɗora mini a cinya. Ashe su ma sun san wannan ƙaryar.

Birnin da asibitin yake a bakin teku ne, zafinsa irin mai jiƙa mutum ne tun kafin ya ɗaura ɗankwali. Mai keken da ya ɗauko ni daga tasha sai da ya yi ta wucewa da ni ta gaban wani gini mai koren fenti har na gane shi, sannan ya tuna hanya. Neman ɗaki kuwa shi ne ya fi ci mini rai. A waya a ce mini akwai, in na je aka ga fuskata sai a ce yanzun nan aka kama. Wani bai ma wahalar da kansa da ƙarya ba, ya ce ba sa ba 'yan Afirka. Na yi 'yan makonni a wani masauki mai kuɗin cizo, har wata nas ta kai ni wurin goggonta, tsohuwar da kowa ke kira Amma. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarenta. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta kama hannuna ta matsa damtsena, ta yi tsaki, ta shiga kicin. Nas ɗin ta ce, "Ta yarda. Ta ce kin rame."

Kewar gida ba ta kama ni sosai ba sai ranar da na bi Amma kasuwa. Muna tafe tsakanin buhunan shinkafa sai na hango gero. Gero dai namu, irin wanda ake zubawa a kasuwar Kurfi. Na tsoma hannu a buhun na tsaya, hawaye na zuba, mai shago yana kallona ya rasa abin da aka yi mini. Tsohuwar ta sa aka auno, ta kai aka niƙo. Da safe na dama kunu da tsamiya, don ita ma akwai ta, na ba ta ta kurɓa. Ta yamutsa fuska, ta ƙara gishiri da barkono, ta shanye. Na ƙyale ta, gidanta ne.

Shugabar sashenmu, Dakta Mina, 'yar siririya ce mai saurin tafiya, sai na yi gudu-gudu nake cim mata. Binciken da suke yi na bin mutanen da abubuwa suka haɗe musu ne, ga teɓa, ga hawan jini, ga suga da ya fara hawa, ga kitse a jini. An raba su biyu, wasu ana sa su gyaran abinci da tafiyar ƙafa kaɗai, wasu kuma ana ƙara musu da magani, a ga waɗanda za su fi samun sauƙi. Nawa aikin shi ne awo. In auna tsayi, in auna nauyi, in auna ƙugu. Ba a inda muke ɗaura zani ba, a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan mutum ya saki numfashi, don kowa da ya ga tef sai ya tsuke ciki. Tef ɗin yana da launi, daga kore sai rawaya sai ja. Dakta Mina takan ce sikeli yana iya rufa wa mutum asiri amma tef ba ya yi, domin kitsen ciki shi ne ke kewaye hanta, ya hana jiki sarrafa suga, ya bi jini ya gajiyar da zuciya.

A nan na yi kwaɓar da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Akwai wata malamar makaranta a cikin masu zuwa awo, Lalita, wadda jininmu ya haɗu. Ta yi fama da mura ta daɗe ba ta zo ba, ranar da ta dawo na gan ta fes, fuska na sheƙi. Murna ta kama ni, na tarye ta da Turancina na ce, "Kai, kin yi kyau, kin yi ƙiba!" Matar nan ta tsaya cak, ta zauna a kujera ta fashe da kuka. Ashe watanni ta yi tana hana kanta shinkafar dare. Dakta Mina ta kira ni ofis, na tafi ina ganin yau za a ce in haɗa kayana. Na yi mata bayani cewa a garinmu ba gaisuwar da ta fi wannan daɗi, ita ake yi wa amarya da mai jego da wanda ya dawo daga tafiya.

Ta ce, "In mutum ya rame fa?"

Na ce, "Sai a tambaya wa ya mutu, ko kuma a ce miji ba ya ciyarwa."

Ta juya biro a hannunta, ta ce, "To aikin da ke jiranki a gida ya fi nawa wuya." Na je na ba Lalita haƙuri. Da ta fahimta ta yi dariya har da riƙe ciki, daga ranar in ta shigo sai ta riga ni, ta ce, "Bilkisu, kin yi ƙiba."

Akwai tela a layinmu, sai na ce bari in ba da ɗinkin Yaya tun da wuri. Na sayi yadi ruwan toka mai ƙananan furanni, na miƙa masa zaren. Ya riƙe shi da yatsa biyu, ya ce shi lamba ya sani. Washegari da aka tashi cin abincin rana na ɗauko zaren, na shimfiɗa tef ɗin aiki a kan tebur, na ɗora shi a kai ina 'yar waƙata. Zaren ya wuce kore, ya wuce rawaya, ya shiga ja, ya yi ta tafiya. Ƙullin ya tsaya a inda in na ga irinsa a jikin majinyaci nake kiran likita. Yaya kuwa gajera ce, iyakarta kunnena.

Na zauna, abubuwan da idona ya gani ya ƙi karantawa suka riƙa dawo mini. Fuskarta da ta zama da'ira kamar faifai. Hannuwanta da ƙafafunta da suka tsaya sirara, ciki kaɗai ke gaba. Tudun da ya fito mata a bayan wuya. Zanen da na gani a cikinta ranar da ta ɗaga riga, wanda na ɗauka na haihuwa ne, alhali autarta ma tana ɗakin miji. Ƙishirwar da take yawan ambata a waya. Wannan ba ƙibar abinci ba ce. 

Da na tashi aiki na kira ta a wayar da na bar mata. A Kurfi lokacin rana ce tsaka, ina jiyo dakan maƙwabta.

Na ce, "Yaya, don Allah mi kike sha?"

"Ruwa. Da kunu in an samu."

"Ba wasa nike ba."

Ta ce, "'Yan ƙwayoyi ne wajen mai kemis. Mata da yawa na sha, ba ni kaɗai ba."

"Sha-ka-fashe?"

"Ke kika san sunanshi."

Tsoro ya sa na manta da wa nake magana. Na ɗaga murya, na jero mata ciwon suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, na ce kashe kanta take yi. Ta ce, "Ke Bilki, ni kike ɗaga ma murya? Ni da na wanke maki kashi?" Na fashe da kuka na ce ta zubar da su yau ɗin nan, kuma ta rantse mini. Kukan ne ya karya ta. Ta ce, "Na rantse da Allah ba ni ƙara kai shi bakina. Hankalinki ya kwanta?" Na ce ya kwanta, amma ta ɗauko mini hoton kwalin. Hoton ya zo, rabi babban yatsanta ne, rabi kwali.

Da safe na kai wa Dakta Mina hoton, har da ɗan alfahari, ni na gano cuta daga nesa da zaren kitso. Ta ƙara girman hoton, ta karanta sunan, fuskarta ta canza.

"Tun yaushe take sha?"

"Tun watanni kafin in taho."

"Kada dai kin ce ta daina?"

"Har rantsuwa na sa ta."

Ta jawo kujera ta zaunar da ni. Ta ce wannan maganin kumburi ne mai ƙarfi, na masu asma da makamantansu, ƙibar da yake sawa illarsa ce ba amfaninsa ba. Jikin mutum yana yin irin sinadarin da kansa, a wasu 'yan halittu da ke zaune a saman ƙoda. In aka daɗe ana shan na waje, sai jiki ya saki nasa aikin. Wanda ya yanke shi lokaci guda zai wayi gari babu na kemis babu na jiki, jininsa ya faɗi, amai ya kama shi, in ba a yi sauri ba ya tafi. A hankali ake rage shi, a hannun likita. Na taɓa karanta wannan a makaranta, amma jiya tsoro ya share mini shi tas. Ta ce, "Kira ta yanzu, ta ci gaba da sha har ta ga likita."

Na kira, ba ta shiga ba. Na kira maƙwabciyarta, na kira abokan aikina na Dutsin-Ma ɗaya bayan ɗaya, duk shiru. Sai da na duba labarai na ga abin da ya faru. Hukuma ta katse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya saboda ɓarayin daji, Kurfi na ciki, Dutsin-Ma na ciki, ba kuma wanda ya san ranar da za a maido.

Na san yayata. Da faɗa kawai na yi mata, in ta ji jiki za ta lallaɓa ta haɗiyi guda ta ce Bilki ba ta gani. Amma ta ambaci sunan Allah, kuma ni na sa ta. Ko za ta mutu ba za ta taɓa ƙwayar nan ba. Na kira wata ƙawata a birnin Katsina, inda waya ke aiki, ta ce hanyar ba daɗi, amma za ta cigita ko akwai mai zuwa. Na sake kira washegari ta ce tana dai cigiya. Ina auna ƙugun mutane hankalina na Kurfi, har Lalita ta riƙe tef ɗin ta ce in zauna.

Akwai wani ɗan ɗaki a ƙasan asibitin da Musulmi ke sallah. Na idar da azahar na kasa tashi, ina addu'a a fili da Hausa, tunda na saba ba mai ji. Sai na ji daga bayana an ce, "Ke ɗiyar nan, Bahausa ce?" Na waiwaya na ga wata dattijuwa da lulluɓi da carbi. Hajiya Zuwaira sunanta, mutuniyar Maraɗi, ta kawo mijinta aikin zuciya. Rabona da jin Hausa ba ta waya ba tun a jirgi. Na faɗa jikinta kamar na san ta, na kwashe labari na gaya mata.

Ba ta tsaya jajantawa ba. Ta ce, "Kurhi? Ta bisa hanyar Dutsin-Ma? Ƙanena Idi mota shika ja can Katsina, hanyarshi ce." Ta ciro waya daga lalita ta kira, ta ce, "Idi, aje duk abin da kake, ka saurara da kyau." Dakta Mina ta rubuta bayani da Turanci don likitan da zai ga Yaya, muka tura wa Malam Idi tare da hoton kwalin. Ni kuma na naɗi muryata na ce, "Yaya, ni ce Bilki. Na yi kuskure. Ki karya rantsuwar nan, ni zan ciyar a madadinki. Ki bi bawan Allahn nan asibiti." Na kwatanta masa gidan, bayan makarantar allo, mai ƙamshin ƙuli-ƙuli.

Daga nan sai jira, don da zarar ya bar Katsina shi ma wayarsa ta mutu. Tsohuwa Amma ta ga ba na cin abinci, ta dama mini kunun gero da kanta, da gishirinsa da barkononsa, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Na ga ta kunna 'yar fitilar mai a gaban abin bautarta tana ambaton sunana. Ban hana ta ba, ban kuma ce amin ba, na dai san da zuciya ɗaya ta yi. Ni kuma na shimfiɗa dardumata a ɗaki na roƙi Allah kada ya sa bakina ya zama ajalin wadda ta raine ni.

Ina cikin awo kiran ya shigo, da hayaniyar tasha a bayansa. Ya ce, "Hajiya ƙarama, Idi ne. Na iske ta kwance, amai take, ba ta iya tashi zamne. Maƙwabta sun ɗauka zazzaɓi ne, ana ta jiƙe-jiƙe. Wata ta kawo mata ƙwayar ta ce ta sha ko guda, ta ce ta yi ma ƙanwarta rantsuwa. Na kunna mata muryarki a kunne, muka ɗauke ta sai Dutsin-Ma. Likita na karanta saƙon ya sa aka yi mata allura, aka ɗaura ruwa."

Na ce, "Malam Idi, tana da rai?"

Ya ce, "Kahin in baro, ta buɗe ido. Ta ce in gaya maki kin cika surutu."

Na zauna a ƙasan ɗakin awo, a gaban majinyaci, na yi kukan da ban taɓa yi ba tun mutuwar Malam Sada. Da na je gaya wa Hajiya Zuwaira, sai ta ce, "To alhamdu lillahi, tashi ki wanke huska, ki zo ki gaida Alhaji."

A asibitin aka gano sugan Yaya ya hau, jininta ma bayan ya dawo ya zarce inda ya kamata. Aka riƙa rage mata ƙwayar kaɗan-kaɗan, aka ɗora ta a kan magani, aka hana ta zaƙi. Malam Idi ya zama wayarmu, in ya biyo ta Kurfi ya tsaya ya naɗo muryarta, in ya shiga Katsina ya turo, har Allah ya sa aka maido layi. Ban taɓa ganin fuskarsa ba sai bayan na dawo. Telan layinmu kuwa na ba shi lambar tsohon awon, don ban ga dalilin canza abin da Yaya ta ce ba. Ranar da zan taho Dakta Mina ta ba ni tef mai launi guda, Amma ta matsa damtsena ta yi tsaki, har yanzu ban yi mata ba.

Da na iso Kurfi gidan ya cika da mata 'yan sannu da zuwa. Kowacce ta dube ni sai ta ce, "Bilki, kin rame! Ba su ba ki abinci can?" Ina jin wasu na raɗa a zaure, "Allah sarki Hanne, ciwo ya cinye ta, da ta yi kyau abinta." Yaya na ji, ba ta ko ɗaga kai ba. Fuskarta ta dawo tata, wadda na sani tun ina goye. Ta ce kullum da safe sai ta taka har bakin kasuwa ta dawo, mutane na tsayar da ita suna tambaya ko kuɗin mashin ne babu.

Da aka watse na fito da tsaraba. Ta shiga ɗaki ta sa, ta fito riƙe da wandon da hannu biyu, rigar na reto a jikinta. Ta ce, "To, wannan kam ba a ce kin yi rowar yadi ba." Muka yi dariya har ta zauna a bakin gado. Sai ta cire mini ɗankwali ta ga kaina, ta riƙe baki. "Haka kika yi ta yawo cikin mutane? Zo nan."

Na zauna a tabarma tsakanin gwiwoyinta, ta fara tsefe mini kai. Ba na ganin fuskarta, shi ya sa na iya tambaya.

"Yaya, mi ya kai ki shan abin nan? Maganar mata ce?"

Ta ja wani gashi da ƙarfi. "Mata? Yaushe na fara jin maganar mata?"

"To mi?"

Matajin na tafiya ta ce, "Ke kika ce ba ki tahiya ki bar ni haka. Na ci tuwo, na sha fura, abinci ya ƙi zama jikina. Ga takarda ta zo, ga lokaci na wucewa. To mi zan yi? In zamna in zama sanadin da ɗiyar da na goya za ta rasa rabonta? Na ce bari in cika maki ido ki tahi, in kin dawo ma san yadda za mu yi."



Ta ce, "Ina zaren nan nawa? Ko kin yar?"

Na jawo jaka na ciro shi daga aljihun fasfo, na miƙa mata ta saman kafaɗata. Na ji ta sa haƙori ta kwance ƙullin, ta ja shi ta miƙe, ta kama gashin ƙeyata ta fara naɗawa.

"Sunkuyar da kai, ki bar motsi."

Na sunkuyar. Gara ma haka, don ba na so ta ga fuskata.